Waƙar Ƙarshen Kaset ɗin Baba Walda

Ina cikin tallafar kansa in ba shi ruwa Direba da Malam suka sake ɓarkewa da gardama a bakin gado, kamar ba dubiya suka zo ba. Na ce su fita waje su ƙarasa. Baba Walda ya ɗaga yatsa, wai in ƙyale su.

Bango ɗaya ne tsakanin shagon ɗinkina da ɗakinsa, kuma ta bangon nan na sha wahalar duniya. Mutum ne mai son kiɗan rok, irin wanda jitar lantarki ke kururuwa, ganguna na dukan ƙirjin mutum. Ƙungiyar makaɗa guda ɗaya yake bi tun yana saurayi, shi da abokan nan nasa biyu, direban babbar mota da malamin makaranta mai ritaya. Na yi masifa har bakina ya gaji. Ƙarshe sai na wayi gari ina taka keken ɗinki daidai da bugun gangarsu.

Yana da wata ɗabi'a tasa shi kaɗai. Ba ya jin waƙar ƙarshe ta kaset sai ƙungiyar ta fitar da sabo. Da an zo gab da ita zai ajiye ƙarfen da ke hannunsa ya je ya kashe. Wai muddin bai ji ƙarshen ba, ba su gama da shi ba. To, bayan wani kaset sai makaɗan suka ɓata, kowa ya kama gabansa, mawaƙin ma ya rasu. Shekaru suka yi ta wucewa, Baba yana kashewa a wuri ɗaya. Ni kaina ban taɓa jin waƙar ba.

A kanta kuwa ake gardamar. Direba ya ce cin amanar masoya ce, babu ganga, babu ƙarfi, mutum ɗaya yana ta nishi kamar mai ciwon haƙori. Malam ya ce duk abin da suka yi a baya share fage ne, wannan ce waƙa, kuma a ko'ina masoyansu sun kasu biyu a kanta, masu kunne da direbobi. Da can in suka fara, Baba kan kore su da guduma a hannu. Ranar kuwa shiru ya yi yana sauraro, ƙirjinsa na ƙara kamar tsohon injin. Hayaƙin walda ya gama da huhunsa, asibiti sun ce a koma da shi gida, kuma duk mun san abin da suke nufi.

"Ku sa min ita," in ji shi.

Ban jira ya maimaita ba, na sauko da rakodar daga kan kabad, na busa ƙura, na saka kaset ɗin nan nasu na ƙarshe ta gefe na biyu. Ina kai hannu zan tura shi gaba Malam ya riƙe ni.

"A'a, 'yata, ba a tsallakewa. Daga farko ake ɗaukowa, in ba haka ba ba za ta shige shi ba."

Direba ya ce wannan kam gaskiya ne. Tun da na san su ban taɓa jin bakinsu ya zo ɗaya ba sai ranar, kuma na so a ce bai zo ɗayan ba.

"Ku dube shi fa," na ce. "Ba shi da wannan lokacin."

Muka juya gare shi. Ya yi ɗan murmushi, leɓɓansa duk sun bushe. "Daga farko," ya ce.

Haushi ya cika ni, tsoro kuma ya fi haushin yawa. Na juya kaset ɗin na danna, na zauna a gefen gado.

Kiɗa ya cika ɗakin har gilashin waldarsa da ke rataye a ƙusa yana rawa. Hasken la'asar ya faɗo ta taga kan takalmansa na aiki. Yatsansa na buga zanin gado, yana makara kaɗan amma yana bi. Da gefen farko ya ƙare Direba ya tashi ya juya, a natse, har da tsayawa ya goge kaset ɗin da gefen riga. Na ji kamar in shaƙe shi.

A gefe na biyu yatsan ya daina bugawa, sai na riƙe hannun. Can tsakiya, cikin waƙar da na fi sani, ƙarar ƙirjin ta tsaya. Na jira ta dawo, ba ta dawo ba. Na ɗago in faɗa musu, na tarar duka biyun sun rufe ido suna kaɗa kai, tsofai da furfura. Sai na fasa, na ci gaba da riƙe hannunsa.

Daga baya gangunan suka ɗauke, waƙar ta shigo. Murya ɗaya ce a hankali, da jita ɗaya a bayanta. Ban san ko mai daɗi ce ba, kuka nake yi.

Da ta ƙare Direba ya gyara murya, ya share ido da bayan hannu.

"To, Walda, ka ji dai da kunnenka. Faɗa wa Malam gaskiya."

Suka sunkuyo su biyu dab da fuskarsa, suna jira. Kaset ɗin na ci gaba da juyawa, babu komai a kansa.