Mai Gonar Yana Kumasi

"Ɗora ni, Maiwada. Ni ba buhun gujiya ba ce da za ka tsaya kana auna ni da ido."

Maiwada ya ɗora ta bisa jakin. Bai ji nauyin komi ba sai na zane, amma ya yi nishi don kada ta gane.

Inna Uwani maƙwabciyarsa ce a Kona, danga ɗaya ta raba su. Tun bazara ciwon ƙirji ya kwantar da ita, kunu ma sai da lallashi. Amma da ruwan shuka ya sauka, gari na wayewa ta doki dangar da muciya, ta ce ya fito da jakinsa da sungumi.

Gonar da suka nufa ta Abdurahamani ce, ɗanta, wanda ya tafi Kumasi tun kafin Nasara su sauke tutarsu, bai sake taka Kona ba. Da yake ɗan fari ne, bakinta bai taɓa kama sunansa ba. "Mai gonar" take cewa. Kowace shekara takan soya ƙuli-ƙuli ta ba Rabo, mai fataucin goro, shi kuma ya dawo mata da goro cikin ganye da gaisuwar baki. Maiwada ne ke zama wajen jin gaisuwar, a matsayin masanin ƙasashen Kurmi. Shi ma yana saurayi ya ɗaura niyyar Kumasi, ya kai Maraɗi, zawo ya maido shi gida. Har yau in ana hirar teku yakan gyaɗa kai.

Bana gujiya ta yi daraja, kowa na neman inda zai ƙara. Dikko, ƙanen mijinta marigayi, ya fara faɗi a bakin masallaci cewa gonar wanda Kurmi ta cinye ta gida ce. A Kona kuwa ba a shuka bisa shukar wani. Wanda ya riga zuba iri, daminar tasa ce.

Ƙafa ba ta ɗaukar Inna Uwani, don haka daga bisa jakin take sakin hatsi. Maiwada ya sara, ta saki, ya rufe da diddige. Jakin kuma ra'ayinsa daban, inda ya ga ganye can yake nufa, dole saran ya bi shi. Sun yi nisa da gefen gabas sai ga Dikko ya ƙetaro gambar iyaka, da jakar iri a kafaɗa.

"Matata," in ji shi, da wasan ƙanen miji, "ke da ake kasa kunne ana jiran kuka daga gidanki, mi ya kawo ki daji?"

"Na zo in gani ko ka koyi iyaka."

Dikko ya ajiye wasa. Ya ce Abdurahamani ya yi aure can, ya saba da doya, 'ya'yansa ko sannu ba su ji, kuma goro bai taɓa nome gona ba. Ta kau da fuska da jin sunan, yadda ta saba, ta jira tarinta ya lafa.

"Mai aiko goro bai mutu ba. In kana son gonar, tahi Kumasi ka roƙe shi. Ga Maiwada nan, ya san hanya har Maraɗi."

Dikko ya dubi Maiwada, yana jiran ya ba tsohuwa haƙuri. Maiwada mutum ne da ko kaji ke faɗa yakan sake hanya. Shi kansa bai san yadda aka yi ba, sai ya ga sunguminsa ya sauka dab da babban yatsan Dikko. Ta saki hatsi. Dikko ya janye ƙafa.

Ba ta yarda an koma ba sai da suka kewaye gonar, suka ratsa tsakiyarta.

Ranar kasuwar Tasawa Rabo ya biyo karɓar saƙo. Wannan karo babu ƙuli-ƙuli. Maiwada ya ja shi bayan rumbu, ya raɗa masa ya ce da yaron ya taho, uwarsa na hanya. Ashe kunnenta bai kwanta tare da ita ba.

"Kar wanda ya ce mishi ina ciwo," ta faɗa daga ɗaki. "A ce ma mai gonar an yi shuka."

Rabo ya tambaya ko shi ke nan.

"In ruwan garin nan ya sha, ya ishe shi."

Tsiro na fitowa ta cika, da hantsi, da ɓarin goro ƙulle a bakin zanenta. Dikko ne ya kama gaban makara. Jakar irin nan kuwa wata gona ta nufa.

Maiwada ya cike guraben da suka bari, ya shiga noman fari, alhali tasa gonar ciyawa ta kai gwiwa, matarsa na tuna masa safe da yamma. Yana duƙe wata ranar sai wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya tsaya bakin gamba, ya ce ya gamu da Rabo a hanya, Rabon ya ba shi saƙo daga Kumasi: a yi wa mai gonar noman fari, maimai kuwa nasa ne, zai zo ya yi da kansa.

Maiwada bai tambaya ko ɗaya labarin, na rasuwar, ya riski mai gonar ba. Ya tofa yawu a tafin hannu, ya ɗauki hauya ya bi layi. Daidai inda jakin ya karkata don ya ci sabara, hatsin ma ya karkata.