Dabinon Gidan Sidi Yunus

Lurwanu ya sauko daga bishiya ta huɗu, ya leƙa kwanduna, ya ga ko rabi ba su kai ba. Su biyar suka fito tsinkar dabino tun da hantsi, duk 'yan unguwar Misfala da ke Makka, don Allah kawai. Shekara uku ke nan yaƙin Turawa ya tare jiragen ruwa. Shinkafa ta yi wuya, alhazai sun ragu, gidaje da yawa sai su wuni ba a ɗora tukunya ba. Da yake Lurwanu mai ga-ruwa ne, ya san duk tsakar gidan da ke da bishiya, sai ya bi masu hali kafin su tafi Ɗa'ifa gudun zafi, ya roƙa a bar su su tsinke abin da ya nuna su raba wa unguwa.

Inna Baraka, tsohuwar da ke rabon, ta juya dabinon da hannu.

"Wannan ba zai zaga ba, Lurwanu. Matar maƙwabcinmu Idris ta haihu jiya, ko ruwan nono babu."

"Saura gidan Sidi Yunus, Inna. Bishiya uku, har zuba suke."

"Ya ba ka izini?"

"Bai ba ni ba. Wata biyu ƙofarsa a rufe, an ce ya tafi."

"To a Makka kake. Abin da ya faɗi a hanya ma ba a ɗauka."

Lurwanu ya zauna, ya miƙe, ya sake zama. Sidi Yunus babban mai saukar alhazai ne, mutum mai zafin rai. Lurwanu ya ɗauki igiyarsa ya nufi unguwar Jarwal, inda gidan yake. Sau biyu yana wuce ƙofar, yana duban katangar, yana auna inda ƙafa za ta kama. A na uku ya daure ya ƙwanƙwasa, ko zai dace da mai gadi.

An daɗe kafin a zare sakata. Sidi Yunus ne da kansa, ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Zauren wayam, babu darduma ko ɗaya.

"Ashe kana gari, ya Sidi?"

"Da me zan tafi? Na sallami barori, na sayar da shimfiɗu. Shigo ka rufe ƙofa."

A tsakar gida matarsa na durƙushe tana tsince dabinon da tsuntsaye suka kaɗo, tana hure ƙasa. Da ta ga baƙo ta ja mayafi ta shige ɗaki. Lurwanu ya sunkuyar da kai, ya faɗi abin da ya kawo shi.

Sidi Yunus ya ɗaga ido ya dubi nonnan dabinon da suka yi ja a can sama.

"Gwiwata ba ta hawa, kuma kunya ta hana ni kiran kowa. Hau kai kaɗai. Ka kai wa mutanenku." Ya rage murya. "In ana rabo, ana faɗin sunan gidan da aka kai wa?"

"Ba a faɗi."

Sai bayan la'asar Lurwanu ya gama jigila, kwando shida. Inna Baraka ta fara kasawa a kan tabarma, mata na jira a bakin zaure.

"Inna, ki ware kaso ɗaya, ki haɗa da ɗan garin dawar nan da aka kawo."

"Na wa?"

"Ni zan kai."

Ta dube shi, ba ta sake tambaya ba. Ta ƙara tafi biyu a kai, ta ɗaure bakin ƙyallen.