Ruwan Idon Dutse

Ranar Litinin aka sa wa Yaya Iyatu aikin ido. Likitoci za su zo Dutse su yi kwana uku suna cire wa mutane yanar ido, su tafi, sai kuma wata shekarar idan sun dawo. Ni na rubuta sunanta da hannuna. Ran Alhamis ta aiko a gaya mini ta fasa, wai ita ruwan Idon Dutse za ta je ta wanke fuska da shi.

Wannan ruwa a bayan duwatsun garinmu yake. Wata biyu kawai yake zubowa a shekara, idan damina ta nutsa, sannan ya ɗauke. Shekara talatin na yi ina koyarwa, na san ruwan sama ne yake taruwa a kan dutse ya sami tsaga ya gangaro. Amma tunda an ce masa ido, mutane suka yanke cewa maganin ido ne.

"Yaya, da an sa masa suna Kunnen Dutse da kurame ne za su cika wurin," na ce.

"Ke dai bokonki ya hana ki sakat. Wuƙa fa za su sa mini a ido, Asma'u."

Muka yi sharaɗi: zan kai ta ran Asabar, idan ba ta warke ba ta bi ni asibiti. A watan Agusta ne, shekarar 1994.

Mun sauka daga mota a gindin dabinai, muka bi ta cikin gonakin gero, sannan hawa ya fara. Yaya tana da shekara sittin da biyu, hannu ɗaya a kafaɗata, ɗaya a kan sanda. Ina faɗa mata inda za ta taka, tana ce mini na cika surutu. Sau huɗu muka zauna hutawa. Tun kafin mu isa muka ji ƙarar ruwan, sai ta ƙara sauri har tana ja na.

Wurin fili ne na dutse shimfiɗaɗɗe, bai fi tsakar gida ba. Ruwan yana faɗowa daga sama, ya bi ta kan filin, ya sake zubawa ƙasa ta wani gefe mai zurfin da ya fi tsayin bene. Duk gansakuka ce. Mun tarar da mata kamar goma da jarkoki, cikinsu har da Yakaka, maƙwabciyar Yaya, wadda ita ce ta zuga ta tun farko.

Yaya ta durƙusa, ta yi bisimilla, ta wanke ido sau uku. Ta daɗe fuskarta a cikin tafin hannu. Sai ta ɗago.

"Allahu akbar! Ina gani!"

Yakaka ta rangaɗa guɗa. Yaya ta ci gaba:

"Ga ruwa fari fat! Ga tsagar da yake fitowa! Ga gamjin nan a sama, ya yi lif!"

Wallahi na yarda. Na tsaya baki buɗe ina tunanin duk yaran da na yi wa dariya a aji saboda wannan magana. Har hawaye ya zo mini. Na ɗaga kai in ga abin da take gani.

Babu gamji. Kututture ne kawai, baƙi, wanda aka sare tun ban san yaushe ba. Gamjin da muka sani muna 'yan mata shi take faɗa.

Na dubi matan. Duk sun ga kututturen, amma kabbara suke ta yi. Yaya ce ta goya ni bayan rasuwar Inna, ta yaya zan ƙaryata ta a gaban mutane? Na matsa na ce a hankali, "Yaya, kama ni mu tafi."

Ta ture hannuna. "Makauniya ake ja. Je ki gaya wa likitocinki su ba wata wurina."

Ta jefar da sandar, ta miƙe, ta fara tafiya kai a sama. Hanyar da muka hawo tana hagu. Ita ta nufi inda take jin ruwa yana tafiya.

"Ku ba ta hanya!" in ji Yakaka. "Ku bar ta ta nuna ikon Allah!"

Na yunƙura zan bi ta, santsi ya kwashe ni, na faɗi a kan gwiwa. Na ce "Yaya!" Ba ta waiwayo ba. Na sake cewa "Yaya, tsaya!" ta ɗaga mini hannu kamar mai korar ƙuda. Saura taku uku. Saura biyu.

"Iyatu!"

Ban san muryata tana da wannan ƙarfi ba. Tun da aka haife ni ban taɓa kiran sunanta haka tsirara ba. Guɗa ta yanke. Yaya ta tsaya cak, ƙafa ɗaya a gaba, ta juyo da fuska wajen da ba nan nake ba.

"Wa ya kira ni?"

"Ni ce."

"Ke? Asma'u? Sunana gatsal?"

"Miƙa ƙafarki a hankali ki taɓa gabanki."

Ta miƙa. Yatsunta suka wuce bakin dutse, suka taɓa iska. Takalminta ya sulluɓe ya tafi, ba mu ji faɗuwarsa ba saboda ƙarar ruwa. Ta zauna daɓas a cikin ruwan. Na rarrafa na riƙe ta ta ƙugu.

"Duhu ne," ta ce a kunnena. "Yadda na zo haka nake."

Yakaka ta fara cewa wataƙila sai an maimaita sau bakwai. Yaya ta ce ta yi mata shiru, ta nemo mata sandarta.

Da takalmi ɗaya ta sauko. A haka muka kai gindin dabinai. Muna jiran mota sai ta ce, "Ƙarfe nawa suka ce ran Litinin?"

"Bakwai na safe, Yaya."

"To ki zo da wuri. Idan an buɗe mini idon ina so in fara ganin bakin da ya kira sunana."