Ƙoda Ɗaya Ta Rage wa Baba

An cire wa Baba ƙodar hagu ranar Litinin, wadda ciwon daji ya kama. Ni ce babbar 'yarsa, ni nake zama da shi a asibiti da rana, Inna ta karɓe ni da yamma.

Baba kafinta ne, kuma mutum ne da bai iya cewa wayyo ba. In nas ta tambaye shi ya jiki, sai ya ce da sauƙi. Tana juya baya ya ciji leɓe, gumi ya karyo masa.

"Baba, in kira ta?"

"Ƙyale su, 'yar nan, gado goma sha biyu suke dubawa. Je ki kyamis ɗin bakin titi ki sayo min irin maganin da nake sha in bayana ya riƙe."

Na je na sayo. Kwana biyu ina ba shi a ɓoye, sauran na cusa a jakata.

Nas ɗin safe wata doguwa ce mai furfura a goshi, kowa Sista Babba yake ce mata. Kullum ta shigo sai ta tsuguna gefen gado ta duba ledar fitsarin Baba, ta rubuta a takarda. Ranar Alhamis ta daɗe a tsugune. Ta miƙe ta danna ƙafarsa da yatsa, wurin ya lotsa, ya ƙi tasowa.

"Baba, ban da abin da muke ba ka, akwai wani magani da kake sha?"

Baba ya ƙura wa silin ido. Ita kuwa ni ta kalla. Na zuge jaka na miƙa mata kwalin.

Ta karanta, ta ƙirga gurbin ƙwayoyin da aka ɓalle.

"Ƙodarsa ɗaya take aikin biyu yanzu," in ji ta. "Irin wannan maganin yana wahalar da ita. Shi ya sa fitsarin ya ja baya."

"Sista, na kashe shi ke nan?"

"Ba ki kashe kowa ba, ƙanwata. Da kin ce min babu, da na ɓata yini ina lalube. Zauna."

Kafin in gama share hawaye ta dawo da likita. Aka ɗebi jini, aka sauya magunguna, ita kuma ta koma auna fitsarin kowace awa. Da likita ya fita ta jawo kujera kusa da Baba.

"Baba, in mutum ya kawo maka kujera gyara ya ɓoye maka inda ta tsage, ya za ka yi?"

"Sai in yi aikin banza."

"To aikin banza kake sa ni. In bakinka yana jin nauyi, ɗaga min yatsu gwargwadon zafin ciwon. Ɗaya kaɗan ne, goma ba ya juruwa. Yanzu nawa?"

Baba ya ɗaga bakwai.

A gadon da ke kusa akwai wani tsohon direba da aka yanke wa wani sashe na hanta. Ya leƙo ya ce, "Bakwai kacal? Ni jiya goma na ɗaga, na haɗa da na ƙafa." Baba ya yi dariya har ya dafe ɗinki.

Kwana biyun da suka biyo baya ban san ɗanɗanon abinci ba. Idona yana kan ledar nan kamar mai gadin tukunya. Sista Babba ta koya min karanta layukan jikinta, ta ce gara in san abin da nake kallo da in zauna ina tsorata kaina. Ranar Juma'a fitsarin ya ɗan ƙaru. Ban yarda na yi murna ba.

Asabar da hantsi ta shigo da takardar gwajin jini. Ba ta tsaya jan rai ba.

"Ƙodar ta farfaɗo. Likita zai zo ya yi muku bayani, amma na ce ba zan bar ki da wannan fuskar ba."

Na zauna a bakin gadon. Kukan da na riƙe tun Alhamis ya ƙwace. Direba yana ta "Alhamdu lillahi" kamar tasa ce ta warke.

Baba ya kamo hannuna. Tafinsa duk kanta, amma riƙon a hankali.

"Ni na aike ki, 'yar nan. Laifina ne. Ki yafe min."

Ban taɓa jin wannan kalmar a bakinsa ba. Na gyaɗa kai.

"To, an yafe wa juna," in ji Sista Babba, tana jawo takalmansa daga ƙarƙashin gado. "Yau har bakin taga za mu taka. Ke riƙe shi ta dama, ni ta hagu. Baba, sauko da ƙafa ɗaya tukuna."