Taku Arba'in da Ɗaya

"Ba za a tone ta ba, Ablewo. Na gama magana."

"Ka gama? Shi tekun ya gama tasa?" Tasi Ablewo, yayar babana, ta dangwarar da kwandon kifi a ƙofar ɗaki. "Kpodo, tun kana yawo tsirara kake da taurin kan nan. Ruwa ya ci makaranta, ya ci kasuwa, sai kai zai ji kunyarka?"

Ina gefe ina ɗinkin taru. Ban ɗaga kai ba.

Wata biyu ke nan da majalisar gunduma ta kafa jajayen turaku a garinmu. Duk abin da ke tsakaninsu da teku zai koma tudu, bayan tafki. Masu rai an ba su zuwa damina. Matattu kuwa, mota za ta zo ranar Alhamis. Dada, mahaifiyata, shekararta uku a cikin yashin nan.

"Ita ta ce a kwantar da ita inda za ta riƙa jin ruwa," in ji Fofo, wato babana Kpodo. "Can tudu me za ta ji? Ƙarar babura?"

"Gara ƙarar babura da bakin ƙaguwa."

Ranar Laraba Efo Gameli, wakilin unguwarmu, ya zo da takarda.

"Efo Kpodo, rami na sha bakwai naku ne. Har an haƙa."

"Wanda ya zana taswirar nan, ya taɓa jan taru?"

"Bai taɓa ba. Amma ya auna, duk shekara ruwa na matsowa."

"To da saura."

Efo Gameli ya dube ni. Na gama sakandare, na iya karanta taswira, na ga inda jan layin ya bi. Washegari motar ta zo, ta kwashi matattu ashirin da shida, ta tafi ban da Dada.

A wurinmu ba a ɗora dutse kan kabari, yashi haɗiye shi yake yi. Kwakwa ake dasawa a wajen kai. Ta Dada ta kusa fara 'ya'ya.

Bayan kwana tara, ranar Asabar da rana tsaka, ruwa ya hau. Da ya janye, babu kwakwa ko ɗaya a maƙabartar.

Fofo ya ce ba komai, ya san wurin. Daga bangon tsohon coci taku arba'in da ɗaya ne. Ya jingina bayansa da bangon, ya fara ƙirgawa da ƙarfi. A taku na talatin ruwa ya taɓa ƙafarsa. A na talatin da shida ya kai masa gwiwa. Na riƙe masa hannu muka ƙarasa.

Tasi tana tsaye a gaɓa. Ba ta ce na faɗa maka ba. Ƙwarya kawai ta miƙo.

Idan ba a sami gawa ba, ƙasar wurin ake ɗiba. A kira sunan mamaci sau uku, a ce ya biyo, kuma ba a waiwaye sai an isa. Fofo ya nutsa hannu ya cika ƙwaryar.

"Dzigbodi. Dzigbodi. Dzigbodi. Taso mu tafi, na yi kuskure."

Muka haye tafki a kwale-kwale. Rami na sha bakwai na nan a buɗe, ruwan sama ya ɗan taru a ciki. Fofo ya durƙusa da ƙwaryar, amma bai juye ba.

"Senanu," ya ce da ni, "ranar da na ƙirga takun nan ƙafata lafiya lau take. Yanzu ɗingishi nake yi."

Tasi ta kau da kai.

"Idan ban kai wurinta ba fa? Wa muka ɗauko?"