Gilashi Ba Ya Kwanciya

Akwatin gilashi uku. Abin yanka mai bakin lu'ulu'u. Gwangwanin danƙon liƙi. Ma'aunin katako. Tabarma, buta, garin rogo a ƙulle cikin tsumma. Takardar inshora a aljihun riga.

Abin da Sumana ya ɗauko daga Sekondi ke nan, can bakin teku. Jirgin ƙasa ya wuce Obuasi, shi kuwa tun safe bai zauna ba. Ya roƙi mai gadin taragon kaya ya bar shi ya tsaya jikin akwatunan. Duk girgizar da jirgin ya yi, a haƙoransa yake jin ta.

Sana'arsa sa wa motoci gilashin gaba. A shekarar 1927 motocin kaya sun cika tashar Kejetia a Kumasi, hanyar arewa kuma duk tsakuwa ce, direba ba ya zuwa Tamale ya dawo da gilashi lafiya sai da sa'a. Aiki akwai. Gilashin ne babu. Kayan farko da ya aika aka kawo masa sun iso a farfashe. Don ya sayi waɗannan ya sayar da rabonsa na gidan ubansu a unguwar Zango, ya koma kwana a shago. In waɗannan suka tafi, ba shago, ba ɗaki.

Gilashi yana da ƙa'ida guda. A tsaye ake ɗaukarsa, a tsaye ake ajiye shi. In aka kwantar da shi, nauyin kansa ma ya isa ya tsaga shi.

A tashar Kumasi ya tarar da Kawu Boukari, wan mahaifiyarsa, da mutanensa 'yan dakon goro. A Zango matafiyi ba ya ɗaukar kayansa ran da ya dawo. In ya ɗauka, an ce ba shi da dangi.

Ma'aikacin tasha ya tsare Sumana yana sa hannu. Da ya juyo sai ya ga akwati guda a kwance bisa kan mutum biyu, kowa da gammonsa, har sun fita ƙofa.

"A tsaye! Kawu, a tsaye ake ɗauka!"

"Kai, rufe mana baki," in ji Kawu yana dariya. "Tun uwarka tana goye nake ɗaukar kaya. Ka taɓa ganin huhun goro ya faɗi a hannuna?"

"Ba goro ba ne!"

Sun riga sun shiga taron mutane. Sumana ya rungume sauran biyun, ya hana kowa taɓawa, sai da aka samo amalanke ya jera su a tsaye, ya bi su a ƙafa.

Shagon ɗaki ɗaya ne na katako da rufin kwano, a bakin hanyar Kejetia. Yana da inuwa da benci, don haka dattawan Zango suka mai da shi wurin hira. A jikin bangonsa na waje yayarsa Mariyama take suyar ƙosai tun da mijinta ya rasu.

Ya ɓalle akwatin da aka ɗauko a ka. Ya ɗaga ciyawar da aka cusa. Kowane falle ya tsage ta tsakiya, daga na sama har na ƙasa.

Kawu ya leƙa. "Ikon Allah. Tun a jirgi abin nan ya fashe."

Sumana ya mai da murfin akwatin. 'Yan dakon suka sulale ɗaya bayan ɗaya.

Washegari ya tafi ofishin kamfanin inshorar a unguwar Adum. Akawun Bafante ne, mutumin bakin teku, mai farar riga da alƙalami a kunne. Ya karanta takardar, ya miƙo masa abarsa.

"Inshorar nan daga bakin teku zuwa tashar Kumasi ce. A ina ya fashe?"

"Tsakanin tasha da shago."

"To, ka san amsar."

"Ƙofar tashar kawai suka fita."

"Da ya fashe kafin su fita, da yanzu muna wata magana."

Sumana ya zauna ba a ce ya zauna ba. "Saura akwati biyu. Me kuke da shi na kayan da ke cikin shago?"

"Iri biyu. Na gobara, da na fashewa." Akawun ya faɗi kuɗin kowanne. Abin da ya rage wa Sumana guda kawai zai biya.

"Kowanne da sharaɗinsa," in ji akawun. "Na gobara, ba wuta kusa da bango. Ba murhu, ba kasko, ba mai sayar da abinci. Na fashewa, ba wanda zai shiga inda gilashin yake sai kai. Baturenmu yana zagayawa ba tare da sanarwa ba. In ya tarar da wani a ciki, ko liman ne, takarda ta mutu."

"Shagona a bakin Zango yake. Ka san yadda muke zama."

"Na sani. Shi ya sa naku ya fi tsada."

"Wanne mutane suka fi ɗauka?"

"Masu hankali biyun suke ɗauka."

"Marasa kuɗi fa?"

"Su ba sa dawowa su ba ni labari." Ya mai da alƙalaminsa kunne. "Bature zai tafi Accra jibi. In kana so, gobe kafin azahar."

Da ya dawo, Mariyama tana kwashe ƙosai daga mai. Harshen wutar yana lasar gefen kaskon, tsakaninsa da katakon bango bai kai kamu biyu ba. A bayan shagon kuma maƙwabcinsa ya tara gwangwanayen fetur.

"Malam Gilashi, sun biya ka?"

"Ba su biya ba." Ya tsuguna kusa da ita, ya gaya mata duk yadda suka yi da akawu. Sannan ya ce, "Yaya, da za ki matsa can gindin mangwaro..."

"Gindin mangwaro wa yake wucewa? Awaki? Nan direbobi suke tsayawa. In na tashi, 'ya'yana gilashi za su ci?"

"Tartsatsi ɗaya ya isa, Yaya."

"Shekara nawa ina nan, na ƙona ka? Ka ce in tashi zan tashi, shagonka ne. Amma ka faɗa da bakinka, kada ka ce Bature ne ya ce."

Ya kalli hannayenta, duk tabon mai. Bai faɗa ba.

"Saura ɗayan," in ji shi. "In rufe ƙofa."

Ta ajiye matsamin. "Ka rufe wa wa? Kawu? Shi ya yanka ragon sunanka. Ran da ka mutu wa zai wanke ka, akawu?"

"In gilashin nan ya ƙare, ba sai na mutu ba za a rasa inda za a sa ni."

"Allah ya sawwaƙe, bakinka ba daɗi. Tashi ka shiga, Kawu ya kawo maka babban baƙo. Jiya bai ci abinci ba saboda abin da ya faru, yau tun asuba yake yawo a tashar mota yana nema maka ciniki."

Sumana ya shiga. Bencin cike yake da dattawa. Baƙon Seini ne, mai motocin kaya, mutum mai jiki. Babu kujerar da ta dace da shi, don haka Kawu ya sa an kwantar da akwati guda a tsakiyar ɗaki, ya shimfiɗa buzunsa na salla a kai, ya zaunar da shi.

"Ga shi nan!" in ji Kawu, fuskarsa cike da murna. "Seini, ɗan ƙanwata ke nan. Duk Kumasi ba mai hannunsa."

Seini ya gyara zama don ya miƙo hannu. Sumana ya ji ƙarar. Ƙarama ce, kamar an taka busasshen kara. Ba wanda ya kula sai shi.

"Maigida, don Allah tashi," in ji Sumana.

"Lafiya?"

"Tashi a hankali. Kada ka dafa."

Seini ya tashi. Sumana ya janye buzun, ya ɓalle katakon. Fallen sama ya yi tsaga kamar gizo ya yi saƙa. Ya ɗaga shi, na biyu haka. Ya bi su har ƙasa, ya yanke a yatsa bai ji ba. Babu falle ɗaya da zai isa gaban mota.

"Akwatin katako ne," in ji Kawu, muryarsa ta yi ƙasa. "Mai ƙwari ne. Na buga shi da hannu na ji."

Wani dattijo a benci ya ce, "Abin da Allah ya rubuta zai fashe, ko a sama aka rataye shi zai fashe."

"Haka ne, Baba," in ji Sumana.

Seini ya kakkaɓe rigarsa, kunya ta kama shi. "Ni ban san abin da ke ciki ba. Motoci biyu nake da su ba gilashi, jibi za su arewa. In ba za ka iya ba in nemi wani."

Sumana ya dubi akwati na ƙarshe, yana tsaye jikin bango. Wani tsoho ya jingina sandarsa da shi.

"Zan iya. Ka kawo su gobe da la'asar. Su tsaya a waje."

Seini ya fita. Sumana ya ɗauke sandar ya miƙa wa mai ita. Ya roƙi dattawan su miƙe, suka miƙe suna kallonsa. Ya ja bencin shi kaɗai har bakin hanya, ya dawo ya kwashe butoci da tabarmi. A ƙarshe ya naɗe buzun Kawu, ya durƙusa, ya miƙa masa da hannu biyu.

Kawu bai karɓa nan da nan ba. "Korata kake yi, Sumana?"

"Ga benci a waje, Kawu. Inuwar ɗaya ce."

"Alheri na kawo maka."

"Na sani."

"Wai kamfanin Turawa ne za su tsare maka kaya, mu danginka mu zauna a titi kamar masu bara? Ran da wuta ta tashi, su za su zo da guga, ko mu?"

"Ku ne."

"To?"

Sumana ya sake miƙa masa buzun. Kawu ya karɓi buzun, ya saɓa a kafaɗa, ya fita bai waiwaya ba. Bai zauna a bencin ba. Sauran suka bi shi, suka nufi masallaci.

Mariyama tana tsaye da matsami a hannu, mai yana ƙuna a kasko. Iska ta taso, tartsatsi biyu suka tashi, suka mutu a jikin katakon bango. Su biyun duk sun gani.

"In tashi?" in ji ta.

"Zauna, Yaya. Ki dai riƙa ajiye ruwa kusa."

Ya shiga, ya ja ƙofa, ya sa sakata. Ta ji muryarsa ta bayan katako.

"Na fashewa zan ɗauka. Daga yau ba mai shiga nan sai ni."