Inda Injin Ya Ƙi Hudawa

Dogo ya tsufa yana huda ƙarfe da hannu, sai da furfura ta kama shi sannan ya jajibo wa kansa injin da kwamfuta ke juyawa. Wanda ya sayar masa mutum ne marar yawan magana, hannunsa na hagu na cikin aljihu tun daga gaisuwa har sallama. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ka ɗaure falle sosai. Kar ka danne shi da hannu."

Dogo ya yi murmushi. Da hannun nan na hagu yake danne fallen ƙarfe, na dama yana hudawa, haka ya ciyar da gida. Babban yatsan ma a karkace yake tun wata guduma da ta same shi yana saurayi. Matarsa ta sha faɗa masa cewa ranar da hannun nan ya samu matsala, su ma sun shiga uku.

Ya bi ƙa'idar sabon shiga tiryan-tiryan. Ya shimfiɗa katako a kan teburin injin, ya ɗora falle, ya matse kusurwoyi da noti. Ya zura 'yar takarda ƙarƙashin tsinken hudar, yana sauke shi a hankali har ya kama ta, sannan ya nuna wa kwamfutar cewa daga nan za ta fara. Murfin gidan janareta yake so, mai ƙananan huji a jere kamar rariya.

Injin ya yi ta huda, layi bayan layi, abin sha'awa. Da ya iso gefen hagu sai ya ɗaga kai ya tsaya cak, kamar yana jiran wani. Can ya ci gaba, amma yana tsallake wasu wurare. A kan allon kwamfutar kuwa babu hujin da ya ɓace.

Dogo ya zagi injin, ya zagi wanda ya sayar masa, ya goge komai ya sake daga farko. Falle na biyu ma haka ya fito.

Da rana matarsa ta kawo abinci. Ta ɗaga fallen ta wajen ƙofa, haske ya ratso ta hujin, sai wurin da aka tsallake ya fito baƙi ƙirin. Ta juyo wajen mijinta.

"Baban yara, wannan ai tafin hannu ne."

"Ke dai da gane-gane."

"Duba mana. Yatsu huɗu, babu ƙaramin. Don Allah ka mayar masa da abinsa."

Ya tuna hannun mutumin nan da bai fito daga aljihu ba. Tsoro ya ji, ba ƙarami ba, amma Dogo ba ya jin tsoro a gaban matarsa.

"To ai hannunsa ne, ba nawa ba," ya ce, ya jawo falle na uku.

Wannan ya fi sauran sirantaka, kuma bai san cewa irinsa sai an danne har tsakiya da maɗauri ba. Tsinken ya shiga, da zai fito ya ɗago fallen, shagon ya cika da kwaramniya. Ga jan maɓallin tsayarwa nan kusa da gwiwarsa. Amma hannun da ya saba bai nemi shawara ba, kafin ya ankara ya dafe fallen.

Injin ya ɗaga kai ya tsaya. Sannan ya fara bin gefen hannun, huji bayan huji, a natse. Ya zagaye babban yatsa, ya zagaye na kusa da shi, da na tsakiya. Dogo ya kasa motsi, yana jin sanyin ƙarfen a tafinsa, har ya fara sakin numfashi. Matarsa ce ta tuna lissafin, yatsu huɗu babu ƙaramin, ta kwatsa ihu ta yi kan maɓallin. Tsinken ya riga ta, ya sauka kan ƙaramin yatsan.

Bayan rauni ya warke, ya koma shagon shi kaɗai. Injin na lulluɓe da tamfol. Ya ɗauko fallen farko, wanda aka huda tun yana da yatsunsa cif, ya ɗora hannunsa a gurbin don ya ga girman hannun mutumin nan. Hannun ya zauna daram, ko'ina ya yi daidai, har da karkacewar babban yatsan.